Ranar da Tanka Ya Koma Kanari

Duk mai tsoron Allah ya san ba a kyauta wa Disko ba. Bawan Allah yana zaman zamansa, yana sayar da labule da kafet a shagonsa, tumbinsa bai tare wa kowa hanya ba, sai nas ɗin asibitin unguwa ta naɗe masa dantse da abin awo, ta matsa, ta dubi agogon, ta dube shi, ta ce jininsa ya hau. Ya gaya mata ai jinin manya dama ba ya zama a ƙasa. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗora shi a sikeli, allurar ta yi karkarwa kamar za ta gudu, ta ce daga yau ya riƙa ɗan tattaki kowace safiya. Ba gudu ba, ba tsalle ba, tafiya kawai irin ta mai zuwa gaisuwa.

Kuskurensa ɗaya, da matarsa ya je. Kafin su iso gida ta zare makullin babur daga aljihunsa ta ƙulle a gefen mayafinta. Ta ce in nas ta zo zagayen unguwa a ƙarshen wata ta ce an samu sauƙi, makulli nasa ne. In ba a samu ba, ƙaninta zai ɗauki babur ɗin, tunda shi wajen aikinsa da nisa, shagon Disko kuwa in ya yi atishawa a gida ana yi masa sannu daga can. Ƙanin nata, mara ta ido, tun a ranar ya fara zuwa da tsumma yana goge madubi, yana cewa, "Yaya, ina kula mana da shi ne."

To ina mutum irin Disko zai fito da sassafe yana jan ƙafa a titi kamar mai jinya? Mutumin da a zamanin samartaka in ya shiga filin rawa sai an janye kujeru, har sunan ya bi shi zuwa furfura? Ya kwana yana juya maganar, kafin gari ya waye dabara ta faɗo masa. Ba zai yi tattaki don an sa shi ba. Ƙungiya zai kafa, ya zama shugaba.

Ya jawo tsohuwar rakodarsa daga ƙarƙashin gado, mai lasifika biyu kamar idon mujiya, da kwalin kasakasai na waƙoƙin zamaninsu. Ya bi layi yana shela. Ƙa'ida mai sauƙi ce: a haɗu a tsohon filin ƙwallo, ya saki ɗan guntun waƙa, ya yi tambaya. Wanda ya ci ya zauna a benci ya huta, wanda ya faɗi ya zagaya fili. Ƙa'ida ta biyu, wadda ya fi alfahari da ita: ƙafa ta bi kiɗa, ba a wuce shi, ba a bar shi ya wuce ka. Ta uku kuma a hankali ya faɗe ta, alƙali ba ya tashi daga benci, domin rakoda ba ta son jijjiga. Bencin kuwa, ikon Allah, na mai shayin bakin fili ne.

Safiyar farko mutane suka fito fiye da yadda ya zata. Ga Tela da igiyar awo a wuya, wai ya manta ne. Ga tsohon Direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota, kuma har yau in zai juya sai ya leƙa kafaɗarsa. Ga Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba. Maɓallin kunna rakodar ya daɗe da lalacewa, sai an danna a cusa tsinken ashana ya riƙe shi. Disko ya danna, ya cusa, kiɗa ya tashi. Nan take Tela ya fara kaɗa kafaɗa, Direba ya share ido ya ce da wannan waƙar ya yi wa uwar 'ya'yansa rakiya har ruwa ya dake su.

Sai dai abin da Disko bai lissafa ba, mutanen nan sun san waƙoƙin. Wa ya rera? Suka amsa baki ɗaya. Wa ya kaɗa jita? Malama ta faɗa, har da gyara masa yadda ake kiran sunan. Kafin shayi ya tafasa kowa ya ci, kowa ya zauna, benci ya cika, aka matse shugaba har rabin jikinsa na lilo a iska. Fili fayau, ko akuya ba ta zagaya shi ba. In matarsa ta leƙo ta ga wannan zaman majalisa, babur ya tafi.

Washegari ya zo da shiri. Ya daina tambayar wa ya rera. Sai ya ce wace irin riga mai ganga ya sa ranar da aka ɗauki waƙar? Tela ya ce ja. Ya ce ruwan goro ce, zagaya. Direba ya ce to ruwan goro. Ya ce an riga an faɗa, satar amsa ce, zagaya. Da aka tambaye shi yadda aka yi ya san launin riga daga cikin kaset, ya ce mai kunne yana jin launi. Fili ya cika da masu tafiya, benci ya zama nasa shi kaɗai, mai shayi yana miƙo masa kofi mai kaurin madara da burodi ya sha bota. In an tashi, sai ya ɗebi ruwa a bokitin mai shayi ya yayyafa a goshi da ƙirjin riga, ya shiga gida yana haki yana cewa a ba shi wuri ya zauna, yau ya ji jiki.

Malama ce kawai ta gagare shi. Duk tambayar da ke da amsa ta gaskiya sai ta cinye, ta zo ta zauna kusa da shi tana kallon burodinsa. Har ranar da batura suka fara mutuwa.

Ya sa waƙar nan ta wadda ke jiran masoyinta a tashar mota, wadda wata mai siririyar murya da ake kira Kanari ta rera, waƙa mai zafin kiɗa. Amma da yake batir ya yi sanyi, kaset ya riƙa juyawa da ƙyar, kiɗan ya koma kamar ana daka a gidan makoki, muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta koma ta ƙaton namiji mai magana daga cikin rijiya. Malama ta ce wannan ai Kanari ce, batirinka ne ya mutu. Har ta ɗaga ƙafa za ta nufi benci.

"Kin faɗi," in ji Disko.

"Na faɗi a ina?"

"Kanari ai kwaikwayo ta yi. Wannan mai waƙar ne na asali. Yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta tambayi sunansa. Disko ya ɗaga ido yana neman taimako, sai ga tankar ruwa tana wucewa tana gurnani. Ya ce sunansa Tanka. Malama ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin wani Tanka ba. Ya ce dama 'yan makaranta ba su san shi ba, sai waɗanda suka yi yawon dare.

Da Malama ta ci nasara a nan, da magana ta ƙare. Amma Direba, wanda ba ya son a ce akwai abin da ya wuce shi a duniya, sai ya gyara murya ya ce af, Tanka, ai shi ya taɓa ɗaukarsa a gaban mota, mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son a buɗe taga. Tela ya ga ana rabon daraja ba da shi ba, ya ce maigidansa da ya koya masa ɗinki shi ke yi wa Tanka riguna, wuyansa kaɗai yakan ci rabin yadi. Malama ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara tabarau, ta zagaya fili.

Daga ranar Tanka ya zama gwarzon ƙungiya. Kiɗansa ya dace da ƙafar dattijo, a ɗaga, a huta, a ajiye. Kullum sai an roƙi a sa shi. Disko kuwa ya buɗe baki ya manta inda marfin yake. Shi ya riƙe wa Tanka jita. Shi ya koya masa wani taku. Tanka in ya yi tari a gefen gari, kofuna na motsi a tsakiyar kasuwa. Tambayoyi kan rayuwar Tanka suka yi yawa, kuma ba wanda ya taɓa cin ko ɗaya, har Direban da ya ɗauke shi.

Wahalar ita ce riƙon Tanka da rai. Sabon batir zai kashe shi, mataccen batir ma haka. Dole sai mai rabin rai. Disko ya zama gwani. Da rana ya jera baturan a bakin taga su sha zafi, ya ɗan cije su da turame, ya gwara kawunansu, ya gwada a banɗaki da ƙofa a rufe. Wata rana suka sha rana fiye da kima, murya ta fito tsaka-tsaki, ba ta mace ba ba ta namiji ba, dole ya haifa wa gidan su Tanka wani ɗan'uwa na tsakiya. Wata rana hadari ya rufe rana, waƙa ta tsaya cak a tsakiyar baiti, masu tafiya suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama saboda ƙa'ida, Disko ya ce kada kowa ya motsa, Tanka yana jan numfashi ne, haka yake yi. Ya juya baya yana murza batir a cinyarsa har Tela ya fara tangaɗi.

Ana haka unguwa ta fara ramewa. Direba ya ƙara huda a bel ɗinsa. Malama ta fara hawa matakala ba ta riƙe bango. Tela ya wuni yana rage wa 'yan ƙungiya tufafi. Shugaba kaɗai ya kawo wando a ɓoye cikin leda a ƙara masa, yana ƙorafin yadin zamani da ke tsukewa a wanki. Tela ya zagaya masa igiyar awo, hannayensa suka kasa haɗuwa, ya ce lalle yadin nan ya ci amana.

A gida kuwa, wata safiya da ya shigo yana haki, matarsa ta matso da tausayi, ta sa yatsa biyu ta ciro ganyen shayi daga girarsa. Ta duba shi da kyau, ta ce, "Baban yara, guminka ya fara yin ganye." Ya ce alamar lafiya ce. Ta ce haka ne, ta koma kicin tana 'yar waƙar tasha a hanci, da sauri-sauri, yadda aka san ta. Disko ya ji, amma ya ɗauka rashin sanin kiɗa ne irin na mata.

Ƙarshen wata ya zo. Nas ta aiko cewa labarin ƙungiya ya kai asibiti, za ta zo da sikeli da abin awo har fili, kuma tana son ta ga wanda ya kafa ta a gaba yana jan tawaga. Disko bai damu ba. Zagaye ɗaya a kan kiɗan Tanka ko mai sanda zai yi. Sikeli kuwa, ya riga ya shirya bayani kan nauyin tsoka. Ya ciro wandonsa na zamanin rawa mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da takalmi mai tudun dunduniya, da riga mai kwala kamar fiffiken jirgi. Sai da ya kwanta a gado ya ja ciki kafin maɓallin wandon ya shiga. Matarsa ta ce ya wuce kada ya makara, ita za ta biyo shi da rakodar.

Fili ya cika. Nas ta ajiye sikeli kusa da benci. Ƙanin matarsa ya turo babur ɗin da hannu har bakin fili, ya jingine, wai don kada a sha wahalar komawa gida ɗauko shi. Disko ya yi jawabi kan muhimmancin motsa jiki, ya ce shi shaida ne. Ya maimaita ƙa'idar ƙafa ta bi kiɗa, ya ce yau ba sani ba sabo. Ya karɓi rakoda ya saɓa a kafaɗa kamar saurayi. Matarsa ta gyara masa kwala, ta ce a hankali, "Na ga wasu batura duk cizon ɓera a taga, na zubar. Na sa maka sababbi, na naɗe murfin da salatif, kada ka ji kunya gaban baƙuwa."

Yatsansa ya riga ya danna. Ashana ta riga ta shiga.

Kiɗa ya fashe kamar an ɓaro kwanuka daga saman bene, ganga na bin ganga, sai ga wata siririyar murya ta tsaga sama, tas, kamar an goge gilashi. Malama ta cire tabarau ta goge a hankali.

"Sannu da zuwa, Tanka," ta ce. "Ka rame."

Disko ya ce wannan ɗaukar ƙuruciya ce, kafin muryarsa ta fashe. Ya juya wajen Direba ya ce ai ga wanda ya ɗauke shi a mota nan, ya faɗa musu. Direba ya dubi sama ya ce shi fa da dare ya ɗauki fasinjan nan, bai ga fuska ba. Tela ya ce maigidansa dama mutum ne mai ƙarin gishiri, Allah Ya jiƙansa.

"Ƙafa ta bi kiɗa," in ji Malama.

Tawaga ta zabura. Mutanen da suka yi makonni suna zagaya fili a kan launin rigar mai ganga, ƙafafunsu sun zama waya. Disko yana gaba, ba damar tsayawa, Direba na taka masa dunduniya yana hon da baki. Ya laluba ashanar zai zare, ta karye a ciki. Ya kai hannu murfin batir, ya ji salatif kamar an ɗaure karaya. Kanari kuwa sai ƙara wuta take, lasifika na manne da kunnensa.

A kwanar farko maɓallin wando ya yi sallama. Ya tashi kamar harsashi, ya tsallake kan nas, ya faɗa tukunyar mai shayi. Disko ya kama ƙugu da hannu ɗaya, rakoda a ɗayan. A kwana ta biyu tudun takalmin hagu ya ɓalle, ya koma tafiya sama da ƙasa kamar keke mai lanƙwasasshiyar taya. Nas ta tambaya ko lafiya, matarsa ta ce takun da ya koya wa Tanka ke nan.

Tawaga ta wuce shi, ta zagayo ta sake cim masa. Malama ta daidaita kafaɗa da shi, ko haki ba ta yi. Ta ce tunda alƙali ya sauko fili, yau ita ce mai tambaya, kuma ƙa'ida ƙa'ida ce, in ya ci ga benci can. Wa ke waƙar nan?

Disko ya hangi benci, inuwa ta lulluɓe shi, kofinsa na jira. Ya hangi jama'a. Ya ce Tanka.

"Ka faɗi. Zagaya."

Da ta sake zagayowa, gumi na gaske, marar ganye, ya jiƙe kwalar nan ta kwanta. Ya ce ɗan'uwansu ne na tsakiya. Ta ce zagaya. A karo na gaba bai jira ta buɗe baki ba, tun daga nesa yake kiran Kanari, Kanari ce, wallahi Kanari ce, ba ta da wa ba ta da ƙani, ita kaɗai iyayenta suka haifa.

Ya nufi benci da sauran ransa. Daidai nan rakodar ta cinye kaset, ta fara amayar da zaren, baƙi, dogo, yana zuba ta kafaɗarsa yana naɗe masa gwiwa. Ya saki ƙugu don ya ceci zaren. Wando ya ga dama ta samu. Abin da ya biyo baya mai shayi ne ya fi kowa gani, kuma har yau in an tambaye shi sai ya ajiye ludayi ya riƙe ciki. Disko dai ya iso gaban nas a kwance, rakoda a ƙirji, buɗaɗɗun ƙafafun wando a idon sawu, Kanari ta yi wani ɗan ƙara ta yi shiru. Tela ya yi maza ya rufa masa tawul ɗin mai shayi, ya ce yadin zamanin da ma ashe yana tsukewa.

Da ya dawo hayyacinsa aka ɗora shi a sikeli. Allurar ta wuce inda ta tsaya wancan karon, ta ƙara gaba kaɗan don tabbatarwa. Ya ce nauyin rakoda ne. Aka nuna masa rakodar a hannun Direba. Ya ce to tsoka ce. Nas ta latsa tsokar da yatsa, yatsan ya nutse.

Ƙanin matarsa ya matso yana goge tafin hannu a riga, ya miƙa wa yayarsa. Disko ya dubi babur ɗinsa, madubi na ƙyalli. Nas ta gama auna sauran jama'a, ta ce gaskiya dai a faɗe ta, duk wanda ta auna a layin nan jininsa ya sauka in ban da mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan shi ya saukar musu. Ko da ƙarya ya yi, ta ce, ta fi wasu magungunan aiki.

Matarsa ta kwance makullin daga gefen mayafi. Ta dubi hannun ƙaninta, ta dubi mijinta cikin tawul. Sai ta mayar da makullin ta ƙulle a ƙarshen mayafin, ta wurga shi baya ya sauka tsakanin kafaɗunta yana lilo.

"Daga gobe ni ce a gaba," ta ce. "Ranar da ka kamo shi da ƙafarka, naka ne."

Disko ya ce wannan zalunci ne, a gaban shaidu. Shaidu suka tafa.

Yanzu kowace safiya za ka gan su. Ita a gaba, makulli na walƙiya a bayanta, sai Malama, sai Direba da Tela suna gardamar wanda ya fara gano ƙaryar, sai can baya shugaba da rakoda a kafaɗa, yana miƙa hannu yana kamo iska. Tela ya naɗe zaren kaset ɗin da biro ya liƙe, Kanari ta dawo da ƙarfinta. Batura kuwa ba sa samun damar tsufa, domin ƙanin matar ne ke kawo sababbi da kansa, wai don lafiyar Yaya. Bel ɗin Disko ya matsa huda ɗaya, amma ya ce fatar bel ɗin ce ta saki.

Kwanan baya wani sabon maƙwabci ya shiga ƙungiyar. Ya ji ana ta ambaton Tanka ana dariya, sai ya rage tafiya har shugaba ya iso, ya tambaye shi cikin ladabi wane ne wannan Tanka. Disko ya sauya wa rakoda kafaɗa, ya haɗiyi numfashi, ya girgiza kai.

"Babban mawaƙi ne, Allah Ya jiƙansa," ya ce. "Sabon batir ne ya kashe shi."